Ranar da Allura Ta Ci Ɗan Tauri

Tun ina saurayi na sha maganin tauri, kuma babu mahaluƙin da ban gaya wa ba a garinmu Turba cewa ƙarfe ba ya cina. Da yatsun hannuna suka fara mutuwa har birkin babur yana gagarata, likitan garin Isa ya tura ni Sakkwato gwajin jijiya. Taubashina Ɗan'ige ya raka ni.

Likitar da muka tarar a can ta yi bayani cewa za ta ɗan sa mini lantarki, sannan ta soka siririyar allura cikin tsoka. Na gyara zama na ce, "Likita, za ni gaya miki gaskiya don kar ki yi asara. Ki tanadi wata allurar, wagga lanƙwashewa za ta yi."

Ta ce, "To, Malam."

Lantarkin farko hannuna ya yi tsalle ya kaɓe mini hula. Allurar kuwa ta shige kamar cikin dafaffiyar kabewa. Ni da jikokina, sai ji na yi na kurma ihu, "Wayyo Inna!" Ɗan'ige ya sulale ƙasa yana riƙe da ciki don dariya.

Allah Ya saka wa baiwar Allah nan da alheri. Ko murmushi ba ta yi ba, kuma ta gano jijiyar da ta matse a wuyan hannuna. Yau ina kama birki lafiya lau.

Amma Ɗan'ige ya riga ni isa gida da labarin. Har yanzu in na ratsa layin teloli a kasuwar Sabon Birni, sai wani ya ɗaga murya: "Ku ɓoye allurai, jama'a, kar Innarshi ta taso!"