Sun Adana Mana Ɗakin Kaka

Jiya da azahar na tarar da kakata zaune a ƙofar ɗakinta, ta jiƙa zani ta yafa a ka, sai haki take yi. Ɗakin kuwa a buɗe, sabon fenti na ta ƙyalli, amma ko kaza ta leƙa sai ta juyo.

Laifina ne, jama'a. Bara malaman jami'armu suna binciken ginin ƙasa irin na da. Ni da ko hannu ba na iya ɗagawa a aji, ranar sai bakina ya buɗe, na ce ɗakin kakata ya fi ko'ina sanyi. Suka zo da na'urori, suka auna kaurin bango, suka auna 'yan kafofin sama da iska ke bi. Suka gano cewa ana tsakiyar zafin garin nan na sahara, ɗakin ya fi waje sanyi da digiri goma sha ɗaya, ba wuta ba fanka.

Kaka ta ce, "Wannan ne binciken? Ai da kun tambaye ni."

Labari ya kai kunnen Mai Girma Uban Kayan Tarihi, Allah ya ƙara masa motoci. Ya zo da guda bakwai. Ya ce abin alfahari irin wannan ba za a bar shi da ƙasa tsirara ba, baƙi za su zo. Aka shafe bango da siminti ciki da waje. Aka toshe kafofin, wai ƙura na shiga tana ɓata tarihi. Aka yaye rufin ƙasa aka sa kwano. Don baƙi su tabbatar ɗakin na da sanyi, aka kafa na'urar sanyaya ɗaki, aka jawo janareta.

Ranar buɗewa Mai Girma ya shiga, ya fito yana rawar ɗari, ya ce, "Kai! Kakanninmu sun yi ilimi!" Aka yi tafi. Motoci na tashi, janareta ya bi su. Wutar lantarki kuwa a unguwarmu sai dai a ba yara labarinta.

Maƙwabcinmu tela ya ce min, "'Yar boko, ku ara min ɗakin mana, in riƙa rataye kaya. Na huta da guga."

Kaka na da hawan jini, likita ya ce ta guji zafi. Na tattara ɗan ƙarfin halina na je ofishin Mai Girma, na roƙi a bar mu mu buɗe kafa ko ɗaya. Sakatare ya ce doka ta hana a taɓa kayan tarihi. Na ce, ƙasa-ƙasa, ai simintin watansa uku. Ya ce, "To kin gani, ya fara tsufa."

Yau da safe Kaka ta sa aka kai gadonta ɗakin awaki a bayan gida, wanda marigayi kakana ya gina da ƙasa iri ɗaya. Ta miƙe ƙafa, ta yi ajiyar zuciya, sannan ta damƙe hannuna.

"Ke, mai bakin da bai tashi buɗewa ba sai a kaina. In malamanki suka tambaya, me za ki ce?"

Don haka nake sanar da masu karatu, musamman manya: ɗakin awakinmu zafi gare shi kamar wuta. Babu ilimin kowa a ciki. Kada wanda ya wahalar da motarsa.