Shekarar da Aka Soke Darasin Tarko

A Birnin Tsamiya, cikin dajin da Toron Giwa yake mulki daga can Babban Kurmi, kowa ya san matsayinsa. Masu haƙora ke zaman majalisa, masu gudu ke zaɓensu. Kure Jatau ne shugaban majalisar gari, Dila kuma sakatarensa. Tun shekarar da ya hau, Kure ya kafa doka da bakinsa: duk abin da majalisa ta zartar ba ya warwaruwa sai shugaba yana zaune a kan dutsen gindin tsamiya. Dutsen nan kuwa jakai goma ba sa motsa shi.

Makarantar garin ɗaya ce, malaminta ma ɗaya, wani tsohon burgu, Malam Nomau, mai guntuwar wutsiya. Rabinta ya bari a tarko yana saurayi, shi ya sa darasinsa bai wuce tarko ba: yadda ake gane ƙasar da aka tona aka mayar, warin hannun mutum a jikin ciyawa, da inda ake dannawa bakin ƙarfe ya saki. Kowace kaka gwamnatin Giwa takan aiko da gero don ciyar da ɗalibai da malaminsu.

Ana nan sai saƙo ya zo cewa bana za a turo wakili ya ga abin da ake yi da geron. Majalisa ta zauna. Kure ya hau dutse, ya gyara murya.

"Ya ku manyan gari, ba wanda ya kai ni son ilimi. Amma baƙo in ya zo, cikin kan yara zai leƙa? Ƙofa zai gani, kirari zai ji. Makarantar da ba ta da ƙofa kango ce. Shi kuwa darasin tarkon nan, ban da tsorata yara da ɓata sunan gari me yake yi? Wanda ya ji sai ya ɗauka maharba sun kewaye mu."

Aka zartar. Geron bana a gina ƙofa da shi, a zana fuskar shugaba a samanta, a share sabuwar hanya daga bakinta, a ɗauko Aku ya koya wa yara kirarin tarbar baƙi. Malam Nomau kuma an hana shi ambaton tarko, balle taɓa shi. Ya tashi zai yi magana, Dila ya ce batunsa ba ya cikin ajanda. Wata zomanya, Inna Tabawa, mai 'ya'ya uku a makarantar, ta tambaya ko kirari yana kwance ƙafa. Aka yi dariya, aka ce mata sai surutu.

Ƙofa dai ta yi kyau, ba a hana ta wannan. Kafin rani ya raba tsakiya, 'ya'yan Tabawa biyu sun shiga tarko a bayan rafi. Yara ne masu ƙwaƙwalwa, sun haddace kirarin shugaba tun daga kakansa na bakwai. Majalisa ta je gaisuwa, Kure ya ce mata abin da Allah ya ƙaddara ba makawa, haƙuri za ta yi. Ya cinye tuwon sadaka ya tafi.

Ranar zuwan wakili, da hantsi, aka jera yara. Kure ya wuce gaba a kan sabuwar hanya, yana taku ɗai-ɗai. Shi maharbi ba abin da yake so irin hanyar da aka share masa. Malam Nomau yana gefe ya hango wuri guda inda ƙasa ta fi sauran duhu. Ya shaƙi iska, ya dubi Tabawa. Ita ma ta gani, don tun bayan rasuwar ta koyi kallon ƙasa. Suka bar Kure ya ci gaba da takunsa.

Ƙarfe ya kama ƙafar Kure har ƙashi. Yara suka ji shugaba ya ɗaga murya, suka ɗauka alamar farawa ce, suka kama kirari. Wakilin, wani raƙumin dawa ne, ya hango ƙofa daga nesa, ya ji amo, ya ce ya gamsu, ya juya tun rana ba ta yi zafi ba.

Kure ya kira Malam Nomau da sunayen da bai taɓa kiransa da su ba, har da baba. Tsohon ya matso, ya tsuguna daidai inda haƙori ba zai kai ba.

"Ranka ya daɗe, aikin ba wuya, dannawa ɗaya ne. Sai dai majalisa ta hana ni taɓa tarko, ni kuma talaka ne mai bin doka. Je ka hau dutse ka warware, yanzu in sake ka."

Kure ya ce a ɗauko dutsen. Aka tuna masa nauyinsa. Ya ce Dila ya zauna a madadinsa. Dila ya sunkuyar da kai, ya ce shi da doka ba ya wasa, amma za a sa batun a zama na gaba. Yana faɗa yana satar kallon gindin tsamiya.

Da ya ga ba sarki sai Allah, Kure ya juya wajen Tabawa, ya roƙe ta ta sa baki, tunda Malam yana jin maganarta. Ta kakkaɓe ƙasa ta zauna a inuwar sabuwar ƙofa, ta jawo ɗanta da ya rage kusa da ita.

"Haƙuri za ka yi, shugaba," in ji ta. "Nawa 'ya'yan kwana biyu suka yi a ciki kafin mai tarkon ya zo. Kai babba ne, na san ba zai bar ka ka jira haka ba."