Ƙarfen Jan Tirelar Humaid

"...lafiya lau, sai dai ciwon ido da ka sa mini. Humaid, tirela ce wannan ko tsanin hawa sama?"

Halfan ne ya yi maganar, yana zaune a ƙofar shagon Talib mai kayan mota a garin Sinaw, da ɗan kofin gahawa a hannu. Humaid ɗan goggonsa ne, kuma tun suna yara ba su taɓa rabuwa ba tare da ɗaya ya ci ɗaya da baki ba. A ranar, Humaid ya zo da sabuwar motarsa mai dogayen ƙafafu, ya ɗaura mata tsohuwar tirelar raƙuma. Ƙugiyar motar ta yi wa tirelar tsawo, sai gabanta ya ɗaga sama, bayanta na neman shafar ƙasa. A ciki taguwarsa Zabya tana durƙushe tana gurnani. Jibi za ta yi tsere a garin Adam, ga shi a hanyarsu ta zuwa shagon tirelar ta yi ta rawa, har taguwar ta zame ta goge gwiwa.

"Yarona, tashi ka ba maigidanka kujera," in ji Humaid.

"Maigidan wa? Mutumin da ya saya wa motarsa tsawo ya manta bai saya wa kansa hankali ba? Dubi Zabya. Wallahi harara take yi maka."

"Kai take harara. Ta tuna bara da ta wuce amalenka yana tsaye yana tunanin duniya."

"Ladabi ya yi, ya bar mace ta wuce."

"Har da raƙuma bakwai na bayanta?"

Talib ya fito da ƙarfen jan tirela iri biyu ya ajiye. Ɗaya gajere ne, fari, yana ƙyalli. Ɗayan dogo, baƙi, da ramuka a jere, yadda za a iya sauke kan ƙugiya ko a ɗaga shi, ga sanduna biyu masu rarraba nauyi tsakanin mota da tirela.

Halfan ya ɗauki farin. "Ga na manya. Ko gemunka ka gyara a jikinsa."

"Kallon kitse kake wa rogo. Gajere ne, ba zai sauko inda tirelar take ba."

"To wannan baƙin fa? Ramuka kamar haƙoran kakanmu, Allah ya jiƙansa."

"Amin. Shi da haƙoransa ya ci naman da ya gagare ka."

"Ni idona awo ne. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau dabino ba zai hango ba."

"Wata nawa ka ba ni da kake kiran kanka babba? Talib, miƙo mini abin awo, kafin wannan ya auna mini da gemu."

Humaid ya kwance tirelar, ya daidaita ta a kan ƙafarta, ya auna daga ƙasa zuwa bakinta, ya auna na motar. Ya duba nauyin da aka rubuta a jikin baƙin ƙarfen, ya ga zai ɗauki Zabya har da abincinta. Ya juya shi ƙasa, ya sauke ƙugiyar, suka ɗaure sandunan shi da Talib.

"In ta miƙe daidai," in ji Halfan, "ni zan bi Zabya da ƙafa har Adam."

"Kada ka yi alkawarin da zai sa matarka takaba. Shiga mota, gani ya kori ji."

Suka hau babban titi. Wata tankar ruwa ta wuce su da gudu, iskarta ta bugo su. Halfan ya ƙanƙame ƙofa yana salati. Tirelar ko gezau. Humaid ya leƙa madubi, ya hango Zabya tana tuƙa abinta hankali kwance.

"Me ya faru, babba? Sakar mini ƙofa, sabuwa ce."

"Addu'a nake yi wa mai tanka."

Da suka dawo, Humaid ya zaga baya ya shafa wuyan taguwarsa yana yi mata kirari. Yana nan sai ya jiyo raɗar Halfan daga cikin shago.

"Talib, irin baƙin nan, akwai saura? Tawa tirelar ma tun watan jiya take rawa kamar an kaɗa mata ganga. Kada ka gaya wa..."

"Kada ya gaya wa wa?" Humaid na tsaye a bakin ƙofa. "Ashe laifi tudu ne! Talib, ba shi farin, ya gyara gemu."

Halfan ya yi dariya har rawaninsa ya karkace. Ya je motarsa ya ɗauko kwanon alewar halwa mai ɗumi da ya saya wa gidansa, ya dangwara shi a hannun Humaid.

"Karɓi, ka ci ni. Amma ka zo ka auna mini tawa."

"Zan zo. Ka fara cewa maigida tukuna."

"Maigida," in ji Halfan, yana kallon taguwar. "Da Zabya nake."