Gyaran Da Na Yi Wa Baba Yohanna

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da na hau dandalin Baba Yohanna ba. Ko na so in manta ma, mutanen Kontagora ba za su bari ba.

Wajen ƙarshen shekarun tamanin ne. Na dawo daga Kaduna inda na koyo gyaran rediyo, na buɗe ɗan shago kusa da tasha, ina yawo da sukundireba a aljihun gaba kamar ni na ƙirƙiro wutar lantarki. Shi kuwa Baba Yohanna mutumin Tungan Magajiya ne, shi da ƙungiyarsa ta masu jita sun fara kiɗa tun ina yawo ba wando. Kiɗansu ba na lallashi ba ne. Jita tana ƙara kamar ana yaga kwanon rufi, ganga kamar ana dukan ƙofarka da taɓarya. Sun tsufa, kayan kiɗansu sun fi su tsufa, amma duk inda suka sauka sai wuri ya cika.

Sai na ji labarin suna neman mai kula musu da kayan sauti, wanda zai riƙa binsu Zuru, Yawuri, har Minna. Na ce wannan aiki nawa ne ko ana ha-maza ha-mata. Abokina Bala, wanda kawunsa ne mai gangarsu, ya yi alkawarin gabatar da ni bayan wasan da za su yi a harabar wani otal.

Muna hanya ya ce, "Af, akwai abin da ya kamata ka sani game da waƙarsu ta ƙarshe."

Na ce, "Kai Bala, ni za ka koya wa Baba Yohanna? Kasakasansu sai da rediyona ya cinye su don yawan ji." (Kaset ɗaya ne, na aro ne kuma, tsoho tukuf.)

Ya ce, "To injiniya, Allah ya ba da sa'a."

Wasa ya yi wasa. Aka zo waƙar ƙarshe, ana tsakiyar zuba kiɗa, sai ɗif, komai ya tsaya. Ba jita, ba ganga. Jama'a suka yi tsit, wasu har da sunkuyar da kai. Na ce a raina, Allah sarki, tsofaffin nan za su ji kunya, ga ni kuwa a zaune.

Ban san lokacin da na tsallake benci biyu ba. Na taka ƙafar wata mata, na haye dandali, na kai wa akwatin sautinsu mari biyu masu kyau, na zare wayoyin baya ina hura musu iska. Lasifika ta saki wata ƙara da ta tashi jemagun unguwa. Sannan na jawo makirfo na ce, "Jama'a ku kwantar da hankalinku, ƙaramar matsala ce, an samu ƙwararre."

Baba Yohanna ya dube ni ta saman tabarau. "Ɗana, me ya lalace?"

"Sauti ne ya ɗauke, Baba."

"E, ya ɗauke. Nan ne wurin da Ishaya yake kaɗa tasa jitar shi kaɗai, shekara da shekaru. Tun da ya rasu muke bar masa wurinsa. In za ka iya dawo da shi, bismilla."

Makirfon na hannuna, don haka har masu tsire na bakin titi sun ji. Matar da na taka wa ƙafa kuma, ashe matar marigayin ce.

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Wayoyin da na zare suka ƙi komawa. Na yi gumi har cikin takalmi, akwati ya ce bai san zance ba. Da ganga da baki kawai suka ƙarasa waƙar, ni kuma ina tsugunne a bayansu riƙe da waya kamar mai jiran hukunci.

Da muka fito na kama Bala da faɗa. "Duk garin nan kowa ya sani, amma ka bar ni?"

Ya ce, "Ai na fara, ka ce rediyonka ya cinye."

Aiki dai wani ya samu, mutumin da ko fis ɗin lantarki bai iya canzawa ba, amma ya iya zama wuri ɗaya. Tun daga ranar, in na ji wuri ya yi shiru sai in tambaya tukuna. Ko uwargida ce ta yi shiru a gida, ba na tashi gyara, sai in sunkuyar da kai in jira kiɗa ya dawo.