Tayin Alhaji Jaji

Duk Jidda, daga Bagdadiyya har Kurayyat, ba na jin akwai wanda ya san kuɗin mota kamar Alhaji Jaji. Mu muka sa masa suna Sikeli, shi kuma bai taɓa cewa a bari ba. Fiye da rabin rayuwarsa ya yi yana aiki a wani babban shagon sayar da motoci. Babu motar da ta shiga ko ta fita ba tare da ta tsaya a gabansa ba, domin shi ne mai ɗaga sandar bakin ƙofa. Ilimi irin wannan ba a makaranta ake samun sa ba.

Tuƙi kam bai taɓa yi ba. Ya ce da zarar mutum ya riƙe sitiyari, son zuciya ya shiga hukuncinsa.

Da muna unguwar Karantina muna da dakali, a nan muke zama bayan la'asar. Da aka rushe unguwar muka watsu, mu ukun da suka rage muka haɗu a Kurayyat: shi, da Malam Ɗayyabu, da ni. A nan babu dakali. A tsaye muke hira a bakin masallaci kamar masu jiran bas. Duk motar da ta gifta Jaji ya yanke mata farashi, mu kuma mu gyaɗa kai. A wannan fanni na gyaɗa kai, ba yabon kai ba, na ɗan fi Ɗayyabu.

Ana nan sai Yazan, ɗan ƙanen Jaji, haihuwar Jidda, ya ga wata tsohuwar motar Amurka mai buɗaɗɗen sama, ransa ya biya. Ya zo ya gaya wa baffansa don girmamawa. Jaji bai ɗauke shi a girmamawa ba, ya ɗauke shi a aiki.

"Ka zo inda ya dace," in ji shi. "Mota irin wannan daga sama ake fara mata. Ka faɗi kuɗinta na ranar da take da asalinta, sannan ka yi ta saukowa. An taɓa inji, ka rage. An taɓa fenti, ka rage. Kafin ka iso ƙasa, mai ita ya fara ba ka haƙuri. Wannan hanya ni na ƙirƙiro ta."

Ya raba mana aiki, tunda ba a zuwa ciniki ba masu kushe kaya. Ɗayyabu zai kushe tayoyi, ni kuma rufi. Tun a hanya na shirya maganata, na ma gwada ta a bakina ta zauna daidai.

Mai motar, Abdulghaffar, jikan mutanenmu ne da suka zo aikin hajji a ƙafa suka zauna. Ya tarbe mu a garejinsa da ke Bagdadiyya, ya ba mu shayi, sannan ya yaye ƙyallen da ya rufe ta.

Doguwa ce, ja, hancinta kaɗai ya isa mutum ya shimfiɗa tabarma. Irin su muke gani a bakin teku muna samari, lokacin da muke tura kurar ruwa, mu tsaya a gefen titi har su ɓace. Ɗayyabu ya durƙusa gaban taya, ya daɗe, ya ce, "Masha Allah." Ni kuma na shafa rufin. Maganar da na shirya ban san inda ta shiga ba.

Abdulghaffar bai ɓoye komai ba. Ya ce injin na Japan ne, shi ya sa mata, haka na'urar sanyi, haka kujeru da fenti.

"Ala saum ce, ya Hajji," ya ce. "Ni ba na yanka kuɗi. Ku taya, kamar dai kasuwar gida."

Jaji ya miƙe. Ya zagaya ta a hankali, hannuwa a baya. Ya ƙwanƙwasa ƙofa ya kasa kunne. Ya shinshina bututun hayaƙi ya lumshe ido. Ya nemi a buɗe masa inji, yana tsaye a wajen da ake zuba kaya, har Abdulghaffar ya yi masa jagora zuwa gaba cikin ladabi. Ya leƙa, ya girgiza kai kamar wanda ya je ta'aziyya.

"Jama'a, ku saurara, don ba kullum nake bayani ba," ya ce. "Wannan mota ba ta yara ba ce. Ƙarfenta kaɗai, yanzu an daina narka irinsa. Na ga dubbai sun wuce ta gabana, kuma ina gaya muku, mota irin wannan, kuɗinta riyal dubu saba'in ne."

A nan ya yi shiru. Jaji yana son shiru bayan babbar magana, don ta samu wurin zama a kunnen mutane. Ya ɗaga hannun dama ya buɗe tafi, zai fara lanƙwasa yatsu yana ragewa.

Abdulghaffar ya kama hannun.

"Na sallama. Allah ya sanya albarka."

Ya juyo wajen shaidu. Shaidun kuwa, ni da Ɗayyabu, muna tsakiyar gyaɗa kai. Wuyan da ya saba ba ya tsayawa farat ɗaya.

Yazan ya matso kusa da baffansa, murya ƙasa ƙasa, yana cakuɗa Hausa da Larabci. "Ammi, wallahi ni ban taya ba. Rabin wannan ma, ma indi, ba ni da shi. Ka ce masa ba ka gama ba, halas, shi ke nan."

Abin da ake buƙata ke nan, kuma ba mai tsawo ba ne. Abdulghaffar ma, mutumin kirki, ya buɗe masa ƙofar fita.

"Ko dai Hajji kuskure ya yi? Ba komai, ai kowa yana kuskure a farashi."

Na ga gemun Jaji ya motsa. Ya dube ni, ya dubi Ɗayyabu. Da ɗayanmu ya yi tari ma, wataƙila da an tsira. Ni dai ina duban cikin kofin shayina.

"Kowa?" in ji Jaji. "Abin da na faɗa shi ne kuɗinta. In yaro ba zai iya ba, akwai manya."

Jaji yana da fili a Kano. Shekara da shekaru yana ba mu labarin gidan da zai gina a kai idan ya koma, har inda zai dasa mangwaro mun sani. Filin ne ya zama mota. Matarsa Hajiya Shatu kuwa, tun ranar ta daina tambayarsa yaushe za su koma gida.

Yazan ne ya tuƙo ta zuwa Kurayyat, mu uku a ciki, iska tana kaɗa mana rawani. Gaskiya tana gudu. Tafiyar ta yi daɗi, kuma ita ce ta ƙarshe.

Domin Jaji mutum ne mai tsari. Kuɗin mota mai asali ya biya, saboda haka dole motar ta koma asalinta, in ba haka ba sai a ce Sikeli ya yi kuskure a awo. Ya sa aka cire na'urar sanyi. Ya sa aka ciro injin Japan, ya ce cin mutunci ne. Abdulghaffar ya taimaka ya karɓi kayan da ɗan abin da ya sauwaƙa, don kada su tare hanya. Injin asali kuma yana nan zuwa daga Amurka. Wani ya san wani da zai aiko. Rufin ma tun da aka naɗe shi ya ƙi komawa, Jaji ya ce dama a buɗe aka halicce ta.

Amma kada a ce an yi asara. Mun samu dakali. Kullum bayan la'asar muna shiga mu zauna, Jaji a baya kamar mai gida, Ɗayyabu kusa da shi riƙe da lema, ni a gaban sitiyari. Ni ma ban iya tuƙi ba, sai dai a wannan mota ba a ganewa. Yara in sun wuce suna ɗaga mana hannu suna cewa a sauka lafiya. Muna amsawa.

Ranar nan wani mutum ya tsaya da babbar mota mai ƙugiya. Sunansa Nasir, daga tashlihi, inda ake farfasa matattun motoci. Ya zagaya mu, ya leƙa inda inji yake a da, wata kyanwa ta fito.

"Ta sayarwa ce, ya Hajji?"

Jaji ya gyara zama. "Ala saum ce. Amma bari in taimake ka, don na ga kai sabo ne. Mota irin wannan, kuɗinta riyal dubu saba'in ne."

Ya yi shirunsa. Ya ɗaga hannun dama ya buɗe tafi, ya ɗan miƙa shi waje ta saman ƙofa yadda zai yi sauƙin kamawa. Ni da Ɗayyabu muka fara gyaɗa kai tun ba a nema ba.

Nasir ya dubi hannun, bai taɓa shi ba.

"Ni a kilo nake saye," ya ce. "Da dattawan za a auna, ko za su sauka?"

Jaji bai janye hannu ba. Hannun yana nan a miƙe, rana tana dukan sa. Ɗayyabu ya ɗan karkato da lemar ya yi masa inuwa.