Mutum Uku, Kowa Na Ɗaya

Ba zan taɓa mantawa da taron ƙungiyar manomanmu na Kankia ba, wanda muka yi dab da saukar ruwan shuka. A shekarar ne Allah ya hore wa ƙungiyar tarakta guda, manoma goma sha biyar suka ba da suna, kowa na son a fara da gonarsa. Don gudun rigima, dattawan kwamiti suka jefa ƙuri'a tun jajibirin taron, suka miƙo mani takardar, ni sakatare, in karanta wa jama'a.

Karantawa kawai aka ce in yi. Amma a lokacin ban daɗe da gama kwas ɗin kwamfuta na wata uku ba, kaina sai hayaƙi yake. Na ce wa shugabanmu, "Alhaji, zamanin karanta takarda ai ya wuce. Majigi zan aro, kowa ya ga sunansa a bango." (Ya dube ni ya ce, "To Malam, ku ne 'yan boko." Ni kuma na ɗauka yabo ne.)

Sunayen ba su shiga shafi ɗaya ba, sai na raba su uku, biyar-biyar. Na ɓata awa biyu ina zaɓen launi da hoton gyaɗa, amma ko sau ɗaya ban dubi lambobin gefe ba. Ashe duk sabon shafi, kwamfuta daga ɗaya take sake farawa.

Ranar taro ajin da muka ara ya cika maƙil. Na sha kaftani mai sitaci, na ba bango baya, na fuskanci jama'a kamar mai karanta labarai. Shafin farko lafiya lau: Alhaji Mati na Kunduru ne na ɗaya, aka yi masa barka.

Na latsa shafi na biyu. A samansa akwai Arɗo Buba, makiyayi daga wajen Kusada mai noma gero, wanda a takarda shi ne na shida. Kafin in buɗe baki, na kusa da shi ya taɓa shi ya ce, "Arɗo, kai ne na ɗaya!" Arɗo ya miƙe yana hamdala, ya zaro waya ya kira gida: "Ku kwashe shanu daga gona, tarakta na tahe gobe!"

Alhaji Mati ya ɗaga sanda. "To ni fa? Taraktar biyu ce?"

Mai hankali da ya waiwaya. Ni sai na ce, "A yi haƙuri, a bari in gama," na latsa shafi na uku don in kashe hayaniya. Hayaniyar kuwa ta mutu, har ana jin ƙarar janareta daga waje. Sai wani daga baya ya ce, "Af! Ashe tuwona maina ne."

Sannan na juya. A saman bango, da manyan baƙaƙe, ga lamba ɗaya, ga sunan mahaifin matata. Surukina! Yana zaune a benci na biyu, ya sunkuyar da kai yana jan carbi.

Na ce, "Wallahi na'urar ce!" (Wadda jiya-jiya na gama cika bakin na san ta ciki da bai.) Na duƙa da sauri in gyara, na buga sha ɗaya da hannu kusa da sunan. Ɗayan kwamfuta bai gushe ba, nawa biyu suka jeru a gefensa. Mutumin bayan nan ya sake cewa, "Yanzu kuma ya mai da shi na ɗari da sha ɗaya. Wanga yaro bai da tsaka-tsaki!"

Ana cikin dariya sai Hajiya Binta ta taso, shugabar mata masu man gyaɗa. Ni duk zamana na san ta da ƙuli-ƙuli ne kawai, ban san ta yi shekaru tana buga takardu a ofis kafin ta yi ritaya ba. Ta gyara gilashi ta ce, "Ɗana, matsa."

Ta goge shirmen da na rubuta, ta zaɓi jerin sunayen, ta buɗe wurin da ake tsara lambobi. Ashe akwai wani ɗan akwati a nan da ke tambayar lambar da za a fara da ita. Ta sa sha ɗaya. Ta koma shafi na biyu ta sa shida. Ko minti ɗaya ba a yi ba, jeri ya miƙe daga ɗaya har sha biyar.

"Na'urar ba ta da laifi," in ji ta a hankali. "Kai ne ba ka gaya mata inda ta tsaya ba."

Shugaba ya ce in sake karantawa daga farko, da ƙarfi. Na yi ta karatu har na iso na sha ɗaya, sai harshe ya ƙi. Ina zan kama sunan suruki a bainar jama'a? Na ce, "Na sha ɗaya... Baba."

Mutumin bayan nan ya ce, "Wane Baban? Duk nan babanni ne."

Sai tsohon ya miƙe da kansa. "Ni ne, Sale na Sukuntuni, kuma na karɓi sha ɗayata. Da ma na yi mamaki. Ni da ko wajen cin tuwo ban taɓa zuwa na ɗaya ba." Aji ya kece da dariya, har da Arɗo, wanda ke can bakin ƙofa yana gaya wa mutanen gida su mai da shanu.

Taraktar ta zagaye gonaki goma sha biyar ɗin nan kafin shuka ta wuce. Layin Baba ma ya faɗo washegarin wani ruwa mai kyau, ƙasa ta yi laushi, gyaɗarsa ta fi ta kowa. Da kaka ya aiko mani da gyaɗa tiya biyar, ya ce a gaishe da sakatare. Ni kuwa na sauke girman kai, duk Asabar na riƙa ɗaukar kwamfuta zuwa zauren Hajiya Binta, kuma abin da na koya a wajenta ya ninka na kwas.

Darasin da na samu, kada ka nuna wa jama'a abin da kai ba ka juya ka kalla ba. In kuma ka rantse sai ka yi gwaninta, to fara leƙa ɗakin tukuna, ka tabbata surukinka bai zo ba.