Shayin Surukina

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na shayar da dattawan Bungudu abin da ba a sha. Lokacin ana cikin shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa zuwa Gusau. Surukina Malam Bawa, wani bafatake, ya samo dashen shayi guda shida wurin wani Bature mai sayen gyaɗa. Duk garinmu ba wanda ya taɓa ganin itacen, sai busasshen ganyensa cikin gwangwani.

Ya tambaya ko akwai wanda ya san renonsa. Na yi wuf na ce, "Baba, ai ni na san shi kamar yunwar cikina." (Iyakar sanina, na taɓa kurɓa sau ɗaya.)

Ya damƙa mini, ya tafi fatauci Tsafe. Na dasa su a lambuna na bakin gulbi, a fili cikin rana, na jibga musu toka kamar yadda nake yi wa albasa. Kwana uku ganyen ya nannaɗe. Na ce yunwa ce, na ƙara toka. Ya koma rawaya, gefensa ya ƙone, ya zube. Daga baya mai lambun Baturen ya gaya mini shayi inuwa yake so da sanyi da ƙasa mai tsami, toka kuwa guba ce gare shi. Wato da hannuna na kashe su, ina ta yi musu sannu.

Maimakon in faɗi gaskiya, na sari rassan lalle shida na kafa a gurbinsu. Suka yi kore shar.

Malam Bawa ya dawo ana gobe sunan ɗana na fari. Ya ce lallai baƙi su ɗanɗani shayin gida. Na tsinko, na dafa da kaina, na zuba zuma har da ƙari.

Liman ya kurɓa, ya runtse ido, ya daɗe bai buɗe ba. Sannan ya ce, "Nasara dai suna da haƙuri." Kowa ya haɗiye nasa don kunyar mai gida. Har na fara hura hanci.

Sai aka kai sauran cikin gida. Can muka ji muryar surukata, Inna Kulu, ta katanga: "Wa ad dafa lalle cikin tukunyata? Wanga ai lalle na! Amarya za a yi, ko suna?"

Malam Bawa ya dubi ƙoƙonsa, ya dubi yatsuna da suka yi jawur, ya ce a hankali, "Ashe kai ma ka sha ƙunshi."

Wata biyu ina zagaye ta bayan gari don kada mu haɗu. Har yau idan an ce wa ya san abu kaza, sai in duƙar da kai in shiga gyaran takalmina, ko da sunana aka tambaya.